Jini a Likkafanin Gwaggo

"Tsaya! Shamsiyya tsaya, kar ki zuba!"

Ina! Hannu ya riga ya tafi. Rabin bokitin jini ya sauka a kan farin yadin, ya bi ƙirjin gawar ya gangara har ƙafa, yana ɗiga a bakin rijiyar kangon. Gawar ta ɗago kai a hankali kamar yadda aka tsara, ta wage baki, ta fara wani gurnani daga can cikin maƙogwaro.

"Yaya Nazeer, tashi! Tashi na ce, ba cikin fim ba ne wannan!"

Gawar ta buɗe ido ɗaya.

"Haba Darakta. Wannan ɗaukar ta fi duk na baya kyau, kin zo kin ɓata. Kin ji gurnanin nan kuwa? Ni kaina sai da na tsorata."

Bahijja ba ta ko kalle shi ba. Ta cusa wayar da take ɗaukar fim ɗin da ita cikin jaka, ta durƙusa ta kamo bakin yadin ta wajen kansa, inda jinin bai kai ba. A can ƙarshe akwai wani ɗan ƙulli da aka ɗaure da koren zare. Ta kai shi hanci. Kafur.

Ta zauna daɓas a ƙasa.

"A ina ka ɗauko wannan?"

"A adakar Gwaggo mana. Ba ke kika ba ni mukulli ba? Kika ce tsohon farin zanin gado."

"Na ce wanda yake a sama! A sama, Yaya!"

"Na saman duk ya yi ja-ja-ja, ga faci a tsakiya. Wa ya taɓa ganin gawa da faci? Na ɗaga na ga wannan a ƙasa, sabo fil, har ƙamshi yake..."

"Likkafaninta ne."

Shamsiyya ta saki bokitin. Nazeer kuwa ya yi wani tsalle daga kwance, ƙafafunsa a naɗe, ya faɗi, ya sake tashi yana fizge yadin daga jikinsa yana salati da ƙarfi. Duk gurnanin da ya yi tun safe bai kai wannan ihun ba.

Gwaggo 'Yardada yayar mahaifinsu ce, ita ta riƙe su a gidanta na Soron Ɗinki tun suna ƙanana. Yadin nan a Makka ta saye shi, shekarar da suka sauke farali da mijinta, marigayi Malam Ƙasimu. Bandir guda suka saya, suka tsoma shi a ruwan Zamzam, suka shanya a saman masaukinsu, da suka dawo aka raba biyu. Malam ya tafi a cikin rabinsa. Ɗaya rabin yana jiran Gwaggo. Duk dangi Bahijja kaɗai ta ba mukullin adakar, ta ce mata, "Ranar da na cika, kar ki tsaya kuka. Ke za ki ɗauko min shi da hannunki."

Ga shi yau a kangon mutane, jage-jage da jinin zoɓo.

"Zai fita," in ji Shamsiyya, ƙawar Bahijja tun daga firamare. "Zoɓo ne da kamu kawai. Zoɓo yana fita da lemon tsami."

Nazeer ya sunkuyar da kai.

"Yaya. Me ka ƙara a ciki?"

"Ai kin ce jiya ya yi shuɗi-shuɗi a kyamara, bai yi kama da jinin gaske ba..."

"Me ka ƙara?"

"'Yar galura. Ja. Kaɗan."

"Galura! Ta rini?"

"Amma ki faɗi gaskiya, bai yi kyau ba?"

Ya yi kyau. Abin da ya fi ci wa Bahijja rai ke nan. Ko a wannan halin, da ta dubi yadda jinin ya yi kauri yana bin ninkin yadin yana sheƙi a rana, sai da wani abu a ranta ya ce, wallahi wannan ko a babban fim sai haka.

Su ukun nan babu abin da ya haɗa su kamar fim ɗin tsoro. Ba na soyayya ba, ba na faɗa ba. Wanda za a fille kai ya mirgina yana magana, wanda hannu zai ɓullo ta bango ya shaƙe mutum, wanda aljana za ta juya wuyanta baya tana dariya. Nazeer, da yake gyaran waya yake yi, shi nasa son na bin diddigi ne: sai ya tsayar da fim a daidai inda hanji ya zubo ya ce, "Kun ga wannan? Robar famfo ce da taliya." Shamsiyya ta cikin yatsunta take kallo, ta yi ta rantsuwa ba za ta sake ba, ana gamawa ta ce, "Babu wani?" Ita kuwa Bahijja wannan bugun zuciyar take nema, lokacin da numfashi zai tsaya, tsikar jiki ta tashi, ka ji kamar kai ne za a cafka. Sai fim ya ƙare, ka dubi ɗaki, ga buta a inda take, ga kaji a tsakar gida, kana nan da ranka da lafiyarka. A lokacin ko gaya aka ba ta sai ta ji ya fi kaza daɗi.

Daga kallo suka ce su ma za su yi nasu. Labarin wani mai haƙar rijiya ne da aka rufe da ransa, ya dawo yana bin waɗanda suka rufe shi ɗaya bayan ɗaya. Suka samu wani kango a bayan layinsu, babu kowa a ciki, ga tsohuwar rijiya an rufe ta da kwano an danne da manyan duwatsu. Da safen nan Nazeer ya ture duwatsun ya janye kwanon don kyamara ta leƙa ciki. Ranar ma zaɓarta suka yi, don Gwaggo ta tafi suna a Koki, sai yamma.

"Ɗauki bokitin!" Bahijja ta miƙe. "Gida!"

Ta naɗe busasshen bakin yadin a hannunta, sauran ta tura a bokiti. Suka fita da gudu, babu wanda ya waiwayi rijiyar.

Sai a lungu suka tuna da fuskar Nazeer. Fari fat da garin alli, ido zagaye da baƙin tukunya, wuya da singileti duk jini. Wata mai kai markaɗe ta ɓullo daga kwana, suka yi ido huɗu, ta ajiye robar a ƙasa a hankali, ta juya ta koma inda ta fito, mayafi na binta a iska.

"Yi haƙuri Hajiya, wasa ne!" Nazeer ya ɗaga mata hannu. Hannun ma jini ne. Ta ƙara mai.

A tsakar gida suka tara duk abin da aka taɓa cewa yana fitar da tabo. Sabulun wanki, toka, gishiri, lemon tsami har kwano guda, ruwan zafi. Shamsiyya na cuɗawa, Nazeer na jan ruwa, Bahijja na riƙe da busasshen bakin nan sama, ta hana ko ɗigo ya taɓa shi. Ruwan farko ya fita jawur. Na biyu ma haka. Da suka gaji Shamsiyya ta ruga gidansu ta kawo bilic.

Suka ɗaga yadin a rana.

Jan ya tafi. Fari kuma bai dawo ba. Yadin gaba ɗaya, ban da bakin da ke hannun Bahijja, ya koma ruwan hoda, irin kalar alewar yara.

"Subhanallahi," in ji Shamsiyya. "Kamar ankon biki."

Nazeer ya wanke fuska, ya zura riga. "Ku saurara. Farin yadi dai farin yadi ne. Yanzu zan tari adaidaita, in je kasuwar Kwari in yanko irinsa sak. Ki ninke, ki ɗaura masa ƙullin kafur ɗin, ki mayar ƙasan adaka. Idon Gwaggo ba ya gani sosai. Wa zai sani?"

"Zamzam ɗin fa?"

"Zamzam yana barin alama ne?"

"Rabin na Malam ne, Yaya."

"To ki tsaya ki gaya mata mun yi wasan gawa da shi. Ki ga in ba a yau za a nemi likkafanin ba."

Bahijja ba ta ce e ba, ba ta ce a'a ba. Ya ɗauki hakan a matsayin e, ya fice.

Kafin la'asar ya dawo da yadi a leda, yana haki yana murmushi. "Kun san na tura wa kaina ɗan guntun ɗaukar nan kuna wanki, na ɗora a shafina ina cikin adaidaita? Wayata sai ƙara take. Wani ya ce ya yar da shayinsa."

"Ka ɗora? Yau? Yaya, kai wane irin mutum ne?"

"Guntu ne fa. Daga rijiya zuwa gurnani."

Ba ta da lokacin faɗa. Ta kwance koren zaren, ta ɗaura ƙullin kafur ɗin a sabon yadin, ta ninke shi yadda Gwaggo take ninkewa, ta kai ƙasan adaka, ta kulle. Ta rataya mukullin a wuya. Mai ruwan hodan suka shanya a igiya ta bayan ɗakin girki, da niyyar Shamsiyya ta tafi da shi in ya sha iska.

"Salamu alaikum. Wash, ƙafafuna."

Su uku suka daskare. Gwaggo ce, da sandarta da ƙullin kayan suna a hannu.

"Gwaggo! Ba sai yamma ba?"

"Au, korata za ki yi? Shimfiɗa min tabarma." Ta zauna tana sauke numfashi. Ta shaƙi iska. "Wanki kuka yi? Kai Nazeer, yaushe ka fara wanki? Lallai duniya ta zo ƙarshe."

"Taimako ne, Gwaggo."

"Me ye wannan fari a bayan kunnenka?"

"Alli... ƙurji ne ya fito min."

"Allah ya sawwaƙe." Sannan muryarta ta sauka. "Muna tsakiyar cin tuwon suna aka zo aka ce Halima ta Ƙofar Nassarawa ta rasu. Tare muka yi makarantar allo. Jiya-jiya ta aiko min da kuka. Na kasa zama, na taho." Ta dubi Bahijja. "Uwata, ɗauko min kayana in gani. Raina ne ya biya."

Shamsiyya ta fara karatu a ƙasan maƙoshi. Nazeer ya ƙifta wa Bahijja ido, irin na ki dake.

Ta shiga, ta buɗe adaka, ta fito da sabon yadin a kan hannu biyu. Gwaggo ta karɓa ta ɗora a cinya. Ta shafa shi. Ta lalubo ƙullin, ta kai hanci, ta lumshe ido. Ba ta gane ba. Ko kaɗan ba ta gane ba.

"Ka gan shi, Malam," ta faɗa a hankali, kamar yana zaune a gefenta. "Yana nan yadda muka shanya shi." Ta kamo hannun Bahijja. "Allah ya yi miki albarka, 'yar amana. Shi ya sa nake barci da daɗi."

Nazeer ya saki ajiyar zuciya. An tsira.

Bahijja ta dubi yadin da ke cinyar Gwaggo. Ta hango ranar, ranar da za ta ɗauko wannan yadin na Kwari da hannunta, mata na cewa ai na Makka ne, rabin na Malam ne, ita kaɗai ta san ƙarya ce, kuma babu sauran wanda za ta je ta gaya wa.

"Ba shi ba ne, Gwaggo."

"Bahijja!" in ji Nazeer.

"Ba shi ba ne. Wannan yau aka yanko shi a Kwari." Ta tashi ta zaga bayan ɗakin girki, ta dawo da mai ruwan hodan yana ɗiga, ta durƙusa ta ajiye a gabanta. Ta faɗi komai, daga mukulli har galura. Ba ta rage ba, ba ta ɗora wa yayanta shi kaɗai ba.

Gwaggo ba ta yi salati ba, ba ta yi faɗa ba. Da ma ta yi. Ta daɗe tana murza jiƙaƙƙen yadin a tsakanin yatsu. Sannan ta miƙa tafin hannu.

"Mukullina."

Bahijja ta ciro shi daga wuya ta ba ta, hawaye na zuba. Gwaggo ta ƙulle shi a bakin zaninta, ta ja ƙullin da ƙarfi.



"To," in ji Gwaggo can. "Nuna min."

"Me, Gwaggo?"

"Abin da ya ci min likkafani. Ai ina da haƙƙin in gani."

Bahijja ta dubi Nazeer, Nazeer ya dubi Shamsiyya. Ta ciro wayar, ta matso da ita daf da fuskar tsohuwar, ta kunna ɗaukar ƙarshe.

Farin abu a kwance. Shiru. Jini ya sauka. Kan ya fara ɗagowa, a hankali, a hankali, baki ya wage...

"Innalillahi!" Gwaggo ta cafki damtsen Bahijja har sai da ta yi ƙara. Sandarta ta faɗi. Ta yi baya, ta dafe ƙirji, tana haki.

"Na kashe! Gwaggo na kashe, yi haƙuri!"

"Wa ya ce ki kashe? Mayar baya."

"Na'am?"

"Mayar baya na ce, daga inda yake ɗago kan."

Aka mayar. Ta sake zabura a daidai wurin, wannan karon da wata 'yar dariya a ƙarshe. "Ja'iri! Kai ne wannan? Kai da ko ƙadangare ba ka iya kamawa?" Ta goge ido da bakin mayafi. "Kuna tsammanin ban san abin da kuke kallo a ɗakin nan ba? Labulen nan yana da huda. Wancan na matar da take tafiya a kan silin, ban ga ƙarshensa ba, kuka kashe."

"Gwaggo!" Shamsiyya ta rufe baki. "Ke ma?"

"Ni da na wuce saba'in, kullum mutuwa tana zaune a bakin ƙofata, ba ta gurnani, ba ta komai, sai dai a zo a ce Halima ta tafi. Wannan taku kuwa ta yi ihu, ta zubar da jini, in na gaji in ce a kashe, a kashe ta. Ai da daɗi." Ta ja tsaki. "Amma ba da kayana ba, marasa kunya."

Ta jawo mai ruwan hodan tana bin sa da hannu har ta kai ƙarshe. Ta tsaya.

"Nan a bushe yake."

"Shi na riƙe a hannu," in ji Bahijja. "Ban bari ya shiga ruwa ba. Jinin ma bai taɓa shi ba."

"Fari ne?"

"Fari tas."

Gwaggo ta gwada shi da kamu ɗaya, biyu, ta ɗora a kanta ta ga ya rufe.

"Kawo almakashi. Wannan ya isa ɗankwali. Da shi za a rufe min kai, in je wa Malam da abin da zai gane." Ta dubi Nazeer. "Na Kwarin kuma, kai Nazeer, za ka bi gidajen alhazan bana ɗaya bayan ɗaya, ka roƙo Zamzam, ko a murfin kwalba ne, har ya isa a tsoma shi. Duk gidan da aka tambaye ka dalili, ka faɗa da bakinka."

"Gwaggo, duk unguwa za a ji fa."

"Ai kai jarumi ne. Wannan mai kalar kuwa ba a sake kwanciya a cikinsa. A ɗinka min mayafi."

Da Bahijja ta gama yankan, ta ninke farin ƙyallen ta miƙa mata. Gwaggo ba ta karɓa ba. Ta kwance bakin zaninta, ta ciro mukullin, ta ɗora a kan ƙyallen.

"Na riga na sa albarka a kan yadin Kwari, kin ji da kunnenki. Da kin yi shiru shi ke nan. Rataya abinki. Amma in kika sake ba wa wannan mai ƙurjin, sai na fito daga rami na yi miki gurnanin da ya fi nasa."

Bahijja ta fashe da kuka da dariya a haɗe, ta faɗa jikinta.

"To ya isa, kar ki karya ni. Sa min daga farko, ban ga farkon ba."

Aka sa daga farko. Kyamara ta bi rusasshen bango, ta wuce wata bishiyar kurna, ta sauka a kan rijiya, ta leƙa cikin duhunta.

Dariyar Gwaggo ta ɗauke.

"Tsaya. Wannan kurnar... Ina ne nan?"

"Kangon bayan layi ne," in ji Nazeer.

"Gidan Isyaku marini?" Ta damƙi wayar da hannu biyu. "Rijiyar nan a rufe take. Tun ina amarya aka rufe ta, aka danne. Wa ya buɗe?"

"Ni ne. Duwatsun kawai na ture..."

"Ka mayar?"

Nazeer ya dubi Bahijja.

"Nazeer, ka mayar?"

"Muna sauri ne, Gwaggo. Yanzu zan je. Ko masu gidan ne za su yi faɗa?"

"Waɗanne masu gida? Gidan nan babu wanda ya rage. Ko mutum ɗaya."

"Salamu alaikum."

Muryar mace ce, a sanyaye, daga bakin soro. Kaji suka watse. Wata doguwar mata ta shigo tsakar gidan, lulluɓe da baƙin mayafi, babu wanda ya taɓa ganinta a unguwar. Rabon Kano da ruwan sama an daɗe, amma bakin zaninta sharkaf yake, kuma duk inda ta taka sai sawun ya fito a jiƙe.

Ta dube su ɗaya bayan ɗaya, ta tsaya a kan Nazeer.

"Sannunku da hutawa," ta ce. "Ina neman wanda ya buɗe rijiyar gidanmu."